Baba ya ce in rubuta masa wasiyya, ƙannena sun ce fatan mutuwa nake yi masa

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Mahaifinmu manomi ne, ya haura shekara 70, matansa 2. Mu 'ya'yansa da ke raye maza 4 ne da mata 3, biyu daga cikinmu ƙanana ne, 'ya'yan Amarya. Babban wanmu ya rasu shekara 3 da suka wuce, ya bar marayu 3 a gidan. Tun bayan kakar bara Baba ke fama da ciwon ƙoda, muna kai shi Kano wankin ƙoda. An sayar da shanun huɗa, an jinginar da gonar tudu, ni ma albashina da kwasar adashina duk sun tafi a kai. Makon jiya ya kira ni bayan isha'i ya ce in ɗauko biro in rubuta: gida na Amarya ne da yaranta, fadama tawa ce saboda ɗawainiyar da na yi, marayu a ba su kason ubansu, 'ya'ya mata kuma a sallame su da kuɗi kada a tsaga gona. Ya ƙara da cewa kada a sake kai shi kan injin nan, a bar shi ya cika a ɗakinsa. Da ƙannena suka ji sai suka ce fatan mutuwa nake yi wa Baba, kuma fadama nake hari. Ina tsoron saɓa wa Baba, ina tsoron saɓa wa Allah. Yaya zan yi?

Wani malami daga ƙasar Ringim

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri.

A rubuta. Wannan ita ce amsata ta farko, kuma ba na son a kai mako ana jan ƙafa. Sai dai ba duk abin da Baba ya faɗa ne zai shiga takardar yadda ya faɗe shi ba, kuma ba kai kaɗai za ka zauna da shi ka rubuta ba.

Maganar fatan mutuwa, ka bi ƙannenka a hankali, tsoro ne ke magana a bakinsu. Mu a karkara mun taso muna jin cewa wanda ya ambaci wasiyya kamar ya leƙa kabari ne. Amma hadisin Abdullahi ɗan Umar yana nan a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana cikin Buhari da Muslim: bai dace Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka har ya fid da rai, ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi da dukiyarsa, sannan ya warke ya rayu shekaru masu yawa, har ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya. Da zancen wasiyya na jawo ajali da bai kai can ba.

Na san amfanin irin wannan takarda a gidanmu. Da kakana ya rasu, ana gama sadakar uku aka buɗe gafakar Alƙur'aninsa, sai ga wata 'yar takarda a ninke huɗu, ta yi jawur don daɗewa, rubutun ajami da tawadar zuge. Layi biyar ne kacal. A ciki ya rubuta cewa jar saniyar da ke wurin kiwo ba tasa ba ce, ta ƙanwarsa ce. Wani mutumin ƙauyen gaba na bin sa buhu 2 na gero. Iyakar gonarsa ta gabas kuma tsamiya ce, ba kukar da ke bayanta ba. Babu wanda ya san maganar saniyar nan a cikin 'ya'yansa, ita kuma mai ita kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba. Da an raba da ita an ci. Gefen gidan namu kuwa akwai wata gona mai kyau da na taso na ga sabara ta cinye ta, domin mai ita ya mutu bai faɗi komai ba, 'ya'yansa suka yi ta jan juna, wanda duk ya sa garma sai a kai shi ƙara.

To ka lura da abin da kakan nan nawa ya rubuta. Bai ce wane ya ɗauki kaza ba. Rabo ba hurumin mai dukiya ba ne, Allah ya riga ya yanke shi da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Abin da ke hannun Baba shi ne ya bayyana gaskiyar dukiyar: mene ne nasa, mene ne ajiya, wa ke bin sa, wa yake bi. Sai kuma sulusi, kashi ɗaya cikin uku, wanda aka ba shi dama ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magajinsa ba. A hadisin Sa'adun nan ne aka yanke hakan. Ya nemi ya ba da biyu cikin uku aka ce a'a, ya nemi rabi aka ce a'a, sai aka ce sulusi, sulusin ma da yawa. Ka bar magadanka a wadace ya fi ka bar su suna miƙa wa mutane hannu.

Bari in fara da wadda ta shafe ka, don ita ce ta fi nauyi. Fadamar nan ba ta zama taka da maganar Baba ba. Kai magaji ne, hadisi kuma ya ce Allah ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, babu wasiyya ga magaji. Idan aka ce to kyauta ce ba wasiyya ba, nan ma akwai shinge biyu. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa na da lafiyarsa. Sayyidina Abubakar ya taɓa ba Nana A'isha dabino ausuƙi 20 (wani babban ma'aunin awo ne) daga gonarsa ta Gaba, ba ta je ta yanka ba har ciwon ajali ya kama shi. Sai ya ce mata da kin yanka kin kwashe da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce, ku raba bisa littafin Allah. Wannan uba ne da 'yarsa mafi soyuwa gare shi. Kyautar da mutum ya yi yana kwance cikin ciwon da ake tsoron ajali a cikinsa hukuncin wasiyya take ɗauka, alƙali kuma zai iya kallon halin da Baba ke ciki da wannan ido. Shinge na biyu shi ne adalci tsakanin 'ya'ya. Da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da kyauta ya zo neman shaida, Manzon Allah (SAW) ya ƙi shaidawa, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku.

Wannan ba ya nufin kuɗinka sun bi ruwa. Amma ka tambayi zuciyarka tambaya ɗaya, ka amsa tsakaninka da Allah: ranar da ka kwashi adashin nan ka biya kuɗin asibiti, rance ka ba Baba ko kuwa yi wa mahaifi ka yi? In don Allah ka yi, ladanka na can, kada ka dawo da shi fadama. In rance ne, to bashi ne, bashi kuwa ana fitar da shi tun kafin wasiyya da gado. Sai dai malamai na ɗari-ɗari da iƙirarin majinyaci cewa wani magajinsa na bin sa bashi, saboda ƙofa ce ta fifita ɗa a kan ɗa. Don haka ka tattaro rasit ɗin asibiti, da shaidar tura kuɗi da ke cikin wayarka, da mai adashin da ta san ranar da ka kwasa, ka baje su gaban ƙannenka tun Baba na ji yana gani. A yarda da adadi, a rubuta adadi. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Ni a ganina, ranar da ka buɗe baki da kanka ka ce ba ka karɓar fadama, rabin rigimar gidanku ta mutu.

Marayu kuwa, a nan ne zuciyar Baba ta dace da shari'a, kuma a nan ne rashin takarda zai fi yin ɓarna. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Mutane da yawa ba su san haka ba sai ranar rabo, a tashi taro marayu na kallo ba su da ko kunya ɗaya a gonar da ubansu ya yi wa bauta. A Masar tun 1946 doka ta mayar da wasiyya ga irin waɗannan jikoki dole. Mu a nan sai kaka ya yi da bakinsa. Da yake su ba magada ba ne, ƙofar sulusi a buɗe take gare su, kuma abin da Baba ya ce, a sa su a matsayin ubansu, malaman Malikiyya sun san shi, suna ɗaukarsa wasiyya ce da ake fitarwa daga cikin sulusi.

Ga misali, don ka gani da ido. A ce bayan likkafani da biyan bashi an yi wa komai kuɗi ya kama ₦2,640,000. Sulusi shi ne ₦880,000, iyakar abin da Baba zai iya yin wasiyya da shi ke nan. In ya ba da shi duka, saura ₦1,760,000. Matan nan biyu su raba tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, kowacce ₦110,000. Kowane namiji a cikinku ₦280,000, kowace mace ₦140,000, in iyayen Baba ba su raye. Ka ga sulusin ya ishi marayun har da rara, ba lallai ne ma ya cika shi ba. Ni da zan ba Baba shawara, da ya ambaci wani yanki na gona da iyakokinsa, ya ce wannan na marayu ne, maimakon kuɗi, don kuɗin maraya ba ya kwana a hannun mutane. A nemi alƙali ya naɗa wanda zai riƙe musu har su girma.

Gida ga Amarya shi ma wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai in sauran magada baligai sun yarda, kowa daga cikin nasa kason. Amma na gane abin da ke damun Baba, tsoro yake kada a watsa mata kaya waje da ƙananan yara. Ka kwantar masa da hankali da abu uku da shari'a ta riga ta tanada. Duka matan biyu za su yi takabarsu, wata 4 da kwana 10, a ɗakunansu, babu mai tashinsu. In akwai ragowar sadaki da bai biya ba, bashi ne, a rubuta. Akuyoyinta da kayan ɗakinta da abin da ta tara da sana'arta nata ne, ba sa shiga gado, a rubuta su da suna, haka na uwargida. Sannan Baba na iya naɗa wasiyyi, mutum mai amana da zai kula da kason ƙananan 'ya'yansa, kuma yana iya roƙonku ku manyan cewa ranar rabo a yi wa sashen da Amarya ke ciki kuɗi a jefa shi cikin kasonta da na yaranta. Roƙon uba a kan gadon jinya, a gaban liman, ba ƙaramin abu ba ne a wurin 'ya'yan kirki.

Zancen a sallami mata da kuɗi ne ya fi tsaya mini a rai, domin na ga yadda ake yin sa. A kira mace tana cikin hawaye, a ce ga ɗan abin da ya samu, ai ke kina gidan wani, ta ce "ba komai, Yaya." A tashi a ce ta yafe. Shirun kunya ba yafiya ba ce. 'Yar'uwarka na da haƙƙi a cikin ƙasar gonar kanta, a kowace kunya, kamar yadda kake da shi. In tana son sayar muku da kasonta, to ciniki ne: a kira masu sanin farashin gona a garin su yi kuɗi, a faɗa mata, a ba ta lokaci ta yi shawara, a biya ta lakadan. In ta ce gona take so, a auna mata, ko ku ci gaba da noma tare ana fitar mata da nata kowace kaka. Wannan layin kada ya shiga takardar Baba ko kaɗan.

Jinginar gonar tudu a rubuta ta dalla-dalla: wa ke riƙe da ita, nawa aka karɓa, su wa suka shaida. Mai jingina na gaba da kowa a kan abin da ke hannunsa. In Baba na da zakkar amfanin gona da ta wuce shi, ko kaffara, ya fitar yanzu da hannunsa ya fi ya bar wa wasu. Sunan da ya ba banki a matsayin makusancinsa kuma ba ya mayar da mutum mai kuɗin, abin da ke asusu na magada ne duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ko bashin goro ne ya faɗa.

Yanzu maganar inji, wadda na san ita ce ke hana ka barci.

Kada ka rubuta "a daina kai ni" haka kawai. Mutumin da ƙodarsa ta daina aiki gaba ɗaya, in aka tsayar da wanki, yawanci kwanaki ne ko 'yan makonni suka rage masa. Don haka kafin biro, a gano me Baba ke nufi. Dattijon da ya ga an ja shanunsa an kai kasuwa, ya ga ɗansa ya rame, sau da yawa in ya ce "ku bar ni" abin da yake cewa shi ne "na zame muku nauyi." Wannan daban yake da mutumin da jikinsa ya gaji, maganin ya daina yi masa komai sai ƙarin azaba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce hukuncin neman magani na sauyawa: yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka, yana zama mustahabbi, yana zama halal kawai, yana ma zama makaruhi in ana tsoron illarsa ta fi cutar. Ta kuma ce mai hankali ba a yi masa magani sai da izininsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta ba majinyaci damar a yi masa bayanin ciwonsa da damar ƙin wani magani bayan an faɗa masa abin da zai biyo baya. Ka ga ba za ku ɗaure Baba ku jefa a mota ba, amma ba za ku ce "to shi ke nan" ku huta da kuɗin mota ba.

Ku je wurin likitan da ke duba shi, kai da ɗaya daga cikin ƙannen da suka fi zarginka, ku yi masa tambayoyi kai tsaye. Wankin nan yana ƙara masa kwanaki masu daɗi ne ko kuwa jan wahala ne? In an rage ko an tsaya, me zai faru, a kwana nawa? Wace kulawa za a iya yi masa a gida ko a asibitin da ya fi kusa da ku? Akwai wani tallafi da za a nema? Amsar da kuka samo ita za ku kai wa malamin da Baba ya yarda da shi. In wankin na riƙe shi, yana tashi ya yi sallarsa ya yi hira da jikokinsa, ku lallashe shi ya ci gaba, ku raba nauyin a tsakaninku a rubuce, har da wanda ke ci-rani, don Baba ya daina ganin mutum ɗaya na ƙonewa saboda shi.

Abin da ya dace ya shiga takarda shi ne na ranar da ba zai iya magana ba. Ya ambaci mutum ɗaya da zai yi magana da likitoci a madadinsa, da na biyu in na farko ba ya nan, don kada a tsaya a bakin ɗakin jinya mutum bakwai kowa da tasa. Ya faɗi cewa in ƙwararrun likitoci sun tabbatar babu sauran amfani, ba ya son a ci gaba da jona masa na'urori, yana son a mayar da shi gida. Wannan ba kisan kai ba ne. Majalisar nan ta Fiƙihu a Amman a 1986, da ta ƙungiyar Musulmin duniya ta Rabiɗa a Makka a 1987, sun halatta cire na'urar numfashi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya bisa hukuncin ƙwararrun likitoci, ta Makka ta ce su zama 3. Abin da babu hanyarsa shi ne a yi wa mutum wani abu don a gaggauta masa tafiya, ko da shi ya roƙa. Ruwa da abinci gwargwadon abin da jikinsa ke karɓa, da maganin rage zafi, da juya shi a shimfiɗa, da tsabtace shi don salla, waɗannan ba sa tsayawa har numfashin ƙarshe. Ku koya masa addu'ar da aka koyar ga wanda ciwo ya gallaba: ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce alheri gare ni. Ita ce madadin "a bar ni in mutu."

Ya faɗi wanda yake so ya zauna kusa da shi yana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, da wanda zai yi masa wanka, da inda yake so a rufe shi, tare da sassauci cewa in ajali ya riske shi a Kano kuma ɗauko shi zai jawo jinkiri, a yi abin da ya sauƙaƙa. Ya kuma rubuta cewa kada a taɓa dukiyar da ƙananan yara da marayu ke da haƙƙi a ciki don dafe-dafen zaman makoki. Wanda ke son yin sadaka ya yi daga aljihunsa.

Yadda za a yi zaman kuwa, ka janye hannunka daga biro. A zaɓi safiyar da Baba ya fi jin ƙarfi, ba ranar da aka dawo daga wanki ba. A kira liman da mai unguwa ko dagaci, da shaidu maza 2 adilai waɗanda ba su da ko sisi a gadon. Wani daban ya rubuta, da boko ko ajami, wanda dai Baba ke iya bi, a karanta masa da ƙarfi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a sa kwanan wata. Matansa su ji, 'ya'ya mata su zo su zauna, na nesa a kira shi a waya ya saurara. A ɗauki zaman a bidiyo in Baba ya yarda. A yi kwafi 3, ɗaya wurin liman, ɗaya a gida, ɗaya ku kai kotun shari'ar yankinku ku nemi a duba muku ita, tunda can za a je in an sami saɓani. Ku faɗa wa Baba yana da ikon sauya wasiyyarsa duk ranar da ya ga dama, wannan kan sa dattijai su saki jiki.

Amma kafin duk wannan, yau da daddare in gida ya yi shiru, ka shiga wurinsa ba biro ba takarda. Ka zauna a bakin gadon, ka matsa masa ƙafa, ka ce, "Baba, fadamar nan na gode, amma a bar ta cikin gado. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini: da kuɗin wankin nan ba daga jikinmu yake fita ba, za ka ci gaba da zuwa?" Sai ka yi shiru ka bar shi ya amsa.